Kabarin da na je nema Lakwaja

A Birnin Gwari, in tsofaffi suna ba da labarin Nagwamatse, sukan tsaya ne daidai inda ya yi musu daɗi. Ya taso da dawakai daga Kwantagora, ya ci garin, ya sa wuta, ya kora mutane a gaba kamar tumaki, wanda ya tsira kuwa daji ne ya ɓoye shi. Daga nan sai mai ba da labarin ya gyara zama ya ce, "To, amma Turawa sun kama shi, sun kai shi Lakwaja." Sai a ce Allah ya ƙara, a tashi. Da wannan rabin labarin na girma, har na ɗauka cewa can kudu, a bakin wani babban ruwa, akwai kabarin mutumin da ya tarwatsa garinmu, shi kaɗai cikin baƙuwar ƙasa, ba ɗa ba jika. Ba zan ɓoye ba, lokacin da wata hidima ta kai ni Lakwaja, abin da na fi ɗokin gani ke nan.

Tafiyar doguwa ce. Daga Birnin Gwari ka kama hanyar Kaduna, ka ratsa Udawa da Buruku, wuraren da shekarun baya direba ba ya wucewa sai bakinsa na motsi da addu'a. Daga Kaduna ka miƙa Abuja, ka wuce Abaji da Koton Karfe, sannan ka hau gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, ruwan Neja shimfiɗe a ƙarƙashinka. Tun kafin ka shiga gari iska take canjawa. Zafin Lakwaja ba irin namu ba ne mai busar da leɓe. Nasu jiƙa mutum yake yi, riga ta manne a baya tun da hantsi, ko kana zaune a inuwa. Nan na fara tunanin yadda basarake ɗan Kano ko Zariya, wanda ya saba da hunturu da rawani da alkyabba, zai ji a irin wannan waje, ga sauro, ga ba ranar komawa.

Turawa sun daɗe da gano cewa in kana son kashe sarki ba tare da ka zubar da jininsa ba, ka sa ruwa tsakaninsa da mutanensa. Jaja na Opobo, tsibirin Saint Vincent suka kai shi, can hayin Tekun Atlantika. Sarkin Asante Prempeh, tsibiran Seychelles. Faransawa suka jefa Samori Ture a wani tsibiri cikin kogin Ogooué a Gabon, inda ya rasu a 1900. Wanda duniya ta fi sani shi ne tsibirin Robben, gaban birnin Cape Town, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 da ya yi a ɗaure, da lambarsa 466/64, yana fasa dutsen farar ƙasa har ƙyallinsa ya lalata masa idanu. Mutanenmu da yawa ba su san cewa tun kafin Mandela da kusan shekara ɗari biyu an tsare malaman Musulunci a wannan tsibiri ba. A 1780 Turawan Holan suka kawo wani malami daga Tidore, a Indunisiya ta yau, wanda ake kira Tuan Guru. Ya yi fiye da shekara goma a tsare, kuma a can ya rubuta Alƙur'ani da ka, yadda alarammominmu ke yi. Yau jirgin ruwa ke kai baƙi tsibirin, waɗanda aka taɓa ɗaurewa a ciki su ne ke zagayawa da kai suna nuna maka ɗakunan.

Mu a Arewa ba mu da teku, saboda haka Lakwaja ce ta zama tsibirinmu. In ka hau Dutsen Patti, wanda ya tokare bayan garin, za ka ga dalili. Neja ta gangaro daga hagu, Binuwai ta ɓullo daga gabas, su haɗu a gabanka, kowanne da launin ruwansa, su jima suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Dutse a baya, ruwa a gaba, tsakanin nan kuma barikin soja. A nan ne Gwamna Lugga ya sauke tutar kamfanin Royal Niger ya ɗaga ta Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, ya ce Arewa ta shiga hannun Sarauniya, alhali ko ƙofar Kano bai taɓa gani ba. Ko bayan hedikwata ta bar garin, ta je Jebba sannan Zungeru, Lakwaja ta ci gaba da zama wurin da ake ajiye sarakunan da aka tuɓe. Ba a buƙatar katanga mai tsawo. Mutumin da ya saba fita da dogarai da 'yan bindiga, in ka raba shi da doki, ka sa shi cikin mutanen da ba su san kakansa ba, ka gama da shi.

Kaburburan suna unguwar Kabawa, tsohuwar unguwa mai cunkoso inda Hausa ke tashi ta ko'ina, gauraye da Nufanci. Ba jirgin ruwa, ba tikiti, ba mai jagora da riga ta musamman. Tambaya na yi ta yi har aka haɗa ni da wani dattijo. Muka gaisa, ya tambayi daga ina, na ce Birnin Gwari. Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya kawo muku sauƙi," don ko a can sunan garinmu ya riga mu isa. Ya fara lissafa mini waɗanda ke kwance: Sarkin Kano Alu, Sarkin Zazzau Kwasau, Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, da Abubakar na Bida. Na jira ya ƙarasa, ban ji sunan da nake jira ba.

Na ce, "Baba, Sarkin Sudan fa? Na Kwantagora?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar teku. Ya ce, "Malam, ai wannan baƙunta ya yi a nan. Gida ya koma."

Sai da na dawo na bi labarin daga tushe, na tarar ya fi abin da tsofaffinmu ke faɗa ban mamaki, kuma ya fi shi ɗaci.

Nagwamatse na farko shi ne Umaru, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gidan sarautar Sakkwato ya yi masa kaɗan, sai ya gangaro kudu yana yaƙi a ƙasashen Kambari da Kamuku da Gwari, aka ba shi sarautar Sarkin Sudan, ya kafa Kwantagora a 1864. Wanda ya ci Birnin Gwari ɗansa ne, Ibrahim, wanda ya hau gado a 1880, kuma sunan uban ya bi shi har mutane suka haɗe su suka zama mutum ɗaya a baki. Shekara ashirin Ibrahim ya yi yana kai hari. Ƙasar da ke tsakanin Kwantagora da Zazzau ta cika da kufai. Duk wanda ya san dajinmu, daga Kamuku har ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara, ya san ana cin karo da tsofaffin ganuwa da kukoki a tsaye inda ba kowa, alamar da can akwai gari. Ba duka Ibrahim ne ya tashe su ba, amma yana da kaso babba. Turawa sun rubuta cewa da aka yi masa maganar ya bar kamun bayi, cewa ya yi ba a raba kyanwa da kamun ɓera, shi ma ranar da zai mutu da bawa a bakinsa za a same shi.

A farkon 1901 sojojin Lugga suka afka wa Kwantagora. Ibrahim ya fice da jama'arsa, dubbai, ya yi gabas ya faɗa ƙasar Zazzau. Lugga ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda baffan Ibrahim ne, yana neman ya naɗa wani a Kwantagora. Ba a ba shi amsa ba. Shi kuwa Ibrahim, rasa gari bai sa ya canja sana'a ba. Rundunar da ba ta da rumbu dole ta ci na wasu, sai ƙauyukan Zazzau suka shiga uku.

Sarkin Zazzau a lokacin shi ne Muhammadu Lawal Kwasau, daga gidan Barebari, ɗan Sarki Yero. Shi ma ba kanwar lasa ba ne. A 1897 da ƙarfin mayaƙansa ya hau, don Wazirin Sakkwato ya zo da niyyar naɗa wani, ya ga abin da ke tsaye a bakin gari ya canja shawara. Amma yanzu ga baƙo ya sauka masa da runduna, baƙon kuma jinin Shehu ne, ba wanda zai kai ƙararsa Sakkwato a share masa hawaye. Kwasau ya duba gabas ya duba yamma, ya aika wa Turawa su zo su raba shi da wannan bala'i.

Suka zo kuwa. A farkon 1902 wasu 'yan tsirarun sojan doki suka dira a sansanin Ibrahim a wajejen Kaya, suka kama shi, aka gangara da shi Lakwaja. Wannan shi ne inda labarin tsofaffinmu yake ƙarewa. Sai dai wanda ya kira kura ta kore masa kare, shi zai san yadda zai sallame ta. Turawan da suka shigo Zariya ba su fita ba. Suka kafa bariki, suka ajiye Razdan, Kyaftin Abadie. Shekarar ba ta ƙare ba sai da suka ce Kwasau bai daina kamun bayi ba, kuma yana aika wa Kano saƙo a ɓoye. Aka kama shi aka kai Zungeru. A daidai wannan shekara ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda yake ƙarƙashin Zazzau, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Duk wata ƙofar da Kwasau zai bi ya koma gadonsa ta rufe. Aka wuce da shi Lakwaja, garin da ya sa aka kai abokin gabarsa.

Labarin Alu kuwa, in a tatsuniya aka ba ka shi sai ka ce an ƙara gishiri, kuma gishirin na ciki da gaske. Aliyu Babba, Mai Sango, shi ne ya ci Yaƙin Basasar Kano, ya hau a 1894 yana saurayi, jarumi ne da ba a yi masa shakka. Lokacin da Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar dawowa labari ya iske su. Cikin dare ya bar rundunar ya yi arewa. Gari ya waye jama'a suka rabu biyu: wasu suka bi Wambai Abbas suka koma Kano suka miƙa wuya, wasu suka bi Waziri Ahmadu, wanda ya faɗi a Kwatarkwashi yana yaƙi. Shi kuma Alu ya ɓad da kama, ya shiga kayan fataken gishiri. Ka kwatanta abin a ranka: mutumin da jiya ake busa wa kakaki, yau yana bin sawun jakuna, fuska a rufe, yana kauce wa idon mutane a mashaya. Amma hannun da bai saba ɗaure mangala ba ba ya ɓoyuwa. A ƙasar Gobir aka gane shi, aka tsare shi, har Bature ya zo ya tafi da shi. Sunan garin da aka riƙe shi kuwa Tsibiri, wanda ke kusa da Maraɗi. Daga can aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja.

Yanzu ga inda abin ya juya. A watan Maris na 1903 Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, inda aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Lugga ya naɗa sabon Sarkin Musulmi, kuma yana matuƙar son ya sanyaya zuciyar gidan Shehu. A gefe guda Kwantagora ta zame masa ƙarfen ƙafa, gari ya watse, ba wanda jama'a za su taru a ƙarƙashinsa. Lugga ba shi da ma'aikata ko kuɗin da zai riƙe ƙasa da kansa, sarakuna yake nema masu faɗa a ji. Sai ya waiwayi fursunansa. A cikin wannan shekara ta 1903 aka mayar da Ibrahim Kwantagora, aka rage masa ƙasa, aka ba shi sanda. Mutumin da Turawa suka cika rahotanninsu da sunansa a matsayin hujjar shigowarsu, wanda suka ce ya mayar da yanki guda kufai, shi ne ya koma fada ana yi masa fadanci. Wanda ya kira su su kama shi yana can bakin kogi yana fama da sauro.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba cewa nake Kwasau waliyyi ba ne, shi ma ya kai hare-hare kudancin Zazzau, kuma akwai garuruwan da ke tuna shi yadda muke tuna Nagwamatse. Amma in kamun bayi ne laifin, to ai ma'aunin da aka auna su da shi ba ɗaya ba ne. Abin da aka duba shi ne wa zai yi amfani gobe. Zazzau tana da gidajen sarauta har huɗu, in ka cire ɗaya akwai masu jiran gado a bakin ƙofa, don haka Kwasau ba shi da tsada. Kwantagora kuwa ta Ibrahim ce shi kaɗai. Mutanen Birnin Gwari da aka sayar, da waɗanda suka mutu a daji suna gudu, ba wanda ya sa su cikin lissafin.

Wanda aka ɗora a gurbin Kwasau shi ne Aliyu ɗan Sidi, daga gidan Mallawa, jikan Malam Musa. Lugga da kansa ya zaɓe shi a 1903. Malami ne, mawaƙi kuma, har yau ana karanta waƙarsa Tabarƙoƙo a jami'o'i. Uban nasa, Sidi Abdulƙadir, Sakkwato ce ta tuɓe shi bayan ɗan gajeren mulki, don haka ya san yadda gadon yake da santsi. Ya yi shekara 17 yana tafiya da Turawa, a zamaninsa jirgin ƙasa ya iso Zariya, a zamaninsa Kaduna ta tsiro a cikin ƙasarsa. A 1920 su ɗin da suka naɗa shi suka tara masa tuhume-tuhume suka sauke shi. Ina aka kai shi? Lakwaja. Ya tarar da kabarin wanda ya gada, ya kuma tarar da Alu da ransa, ya tsufa. Ina son in san abin da suke faɗa wa juna in sun haɗu, Sarkin Kano da Sarkin Zazzau, wanda ya ƙi Turawa da wanda ya bi su, ga su a unguwa ɗaya suna jin kiran salla ɗaya.

Al'adar ba ta bi Turawa ta tafi ba, mu ma mun iya ta. An kai Sarkin Kano Sanusi na ɗaya Azare a 1963. An kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki Zing a 1996. A 2020 aka kai Sanusi na biyu Loko, sannan Awe, kafin kotu ta ce korar mutum daga garinsa ta saɓa wa tsarin mulki. Lakwaja dai ta huta, ta zama hedikwatar jihar Kogi tun 1991, matafiya na tsayawa su ci kifi su wuce, mafi yawansu ba su san wa ke kwance bayan waɗancan gidaje ba. Sai in ruwa ya yi ambaliya, kamar 2012 da 2022, ya yanke hanyar Abuja, motoci su yi kwanaki a jere, sannan garin yake komawa kamanninsa na tsibiri.

A hanyar komawa gida, bayan mun wuce Buruku, na yi ta kallon dajin ta taga. Mu ba ma buƙatar a ba mu labarin yadda ake tsare mutum ba katanga. Shekaru muka yi ana shiga da mutanenmu cikin wannan daji, manoma da matafiya da 'yan makaranta, a ajiye su a gindin itace, ba ƙofa ba kwaɗo, nisan wurin da bakin bindiga su ne gidan yarin. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, manyan motoci suka dawo. Na ji daɗi kamar kowa, don wanda ya kwana da tsoro ya san darajar barci. Amma da na ga hotunan waɗanda aka zauna da su, ana musabaha, sai zuciyata ta koma 1903. Wata tsohuwa a motar, da hira ta kai kan sulhun, ba ta ce komai ba sai, "Allah ya sa ya ɗore," ta juya fuskarta waje.

Kafin in bar Kabawa na tsaya na yi wa mamatan addu'a, har da Kwasau, wanda ban zo dominsa ba. Dattijon ya tsaya a gefe, hannu a baya, har na shafa. Ya raka ni bakin titi, ya ce in gaida mutanen Birnin Gwari.

Kwasau ya rasu a Lakwaja a 1907. Aliyu ɗan Sidi ya bi shi a 1924. Alu ya fi su daɗewa, shekara 23 yana tsare, ya rasu a 1926 bai sake ganin Dala ba. Ibrahim Nagwamatse ya binne su duka. Ya ƙara shekara 26 a kan gado, ya rasu a 1929 a Kwantagora, cikin gidansa, kuma zuriyarsa ce ke sarautar garin har yau.